Muryata a Motarsa

Ku yi haƙuri da wannan sabon shafin da babu hoto babu kwalliya. Tsohon ya fita daga hannuna, duk da ni na shekara uku ina cika shi. Waɗanda suka biyo ni daga can sun san ni da Mai Farar Riga, ɗalibar digiri na biyu da ke ba da labarin ɗakin gwaji da waƙoƙin da take ji, ba ta taɓa faɗin sunanta ko na makarantarta ba. Ku kuma da yau kuka fara karanta ni, sannunku da zuwa. Kun same ni rai a ɓace, kuma ba zan yi muku ƙaryar cewa na huce ba.

Ranar Talata da la'asar Injiniya ya zo ɗaukata daga makaranta. Shagon gyaran kwamfuta da waya gare shi. Umma ce ta fara kiransa Injiniya, shi kuma bai taɓa gyara mata ba. Wata bakwai ke nan yana zuwa wajena da maganar aure, kuma ina sonsa. Na rubuta kalmar nan na goge har sau uku, amma dai ranar Talata da safe haka abin yake, don haka na bar ta.

Na fito a gajiye, farar rigar aiki a ninke a hannuna, doguwar rigata ruwan toka tana warin sinadarin wanke kwalabe. Shi kuwa ya sha farin yadi mai guga, ya fesa turaren da na taɓa cewa ina so. Ya miƙo mini ruwa mai sanyi yana wani murmushi irin na wanda ya ɓoye kyauta a bayansa.

"Yau akwai abin da zan sa miki," ya ce. "Rufe idonki."

"Ina kallon hanya ma yaya na ƙare da tuƙinka, balle na rufe ido?"

Ya yi dariya, ya danna wani abu a wayarsa.

Abin da na fara ji shi ne gurnanin firji. Na san wannan gurnanin ko a mafarki, firjin ɗakin gwajinmu ne mai ƙofar da ake tokarewa da kujera. Sai wata ta yi gyaran murya. Sai ta fara waƙa.

Ni ce.

Bari in faɗa muku abin da ko a tsohon shafin ban taɓa faɗa ba. Ina waƙa. Aikina a kan ƙwayoyin cutar da ke cikin ruwan rijiya ne, kuma rabin aikin jira ne. Ka zuba, ka rufe, ka zauna. Tsakanin azahar da la'asar ɗakin yakan zama babu kowa, sai ni da kwalabe. A nan nake rera abin da na tsara, in ɗauka a waya, in kwashe in zuba a kwamfutata cikin wata folda da na sa wa suna "Babi na biyu, tsoho", don na san babu mahalukin da zai buɗe abu mai wannan sunan. Guda arba'in da ɗaya ne. Ba don kowa na yi su ba.

Cikin arba'in da ɗayan nan, wadda ya zaɓa ita ce ta Abba. Na yi ta wata huɗu bayan rasuwarsa.

*Takalminka na bakin ƙofa, ban bari an ɗauke ba,*
*Ko da hanya ta ɓace maka, ka gan shi ka san gida.*

Bayan baitin nan muryata takan karye, in yi kuka na kusan minti ɗaya ban kashe ɗaukar ba. Yanzu ga kukan nan yana fitowa ta sifiku huɗu, har da ta bayan kujera, muna tsaye a danja, wani mai babur yana leƙowa.

"Kashe," na ce.

"Tsaya ki ji inda na fi so, wajen da kika..."

"Na ce ka kashe."

Ya kashe. Fuskarsa ta nuna mamaki na gaske, kuma wallahi wannan mamakin ya fi komai ƙona mini rai.

"Ina ka samu?"

"A kwamfutarki mana. Lokacin da ta mutu."

Wata biyu da suka wuce ina wajen gari ɗibar ruwan gwaji, kwamfutar ta ƙi tashi. Yayata, wadda nas ce kuma asibitinsu na kusa da shagonsa, ita ta kai masa. Ya ce sai da lambar sirri zai iya gwadawa, na ba Yaya ta waya ban kawo komai a raina ba.

"Ajiya na yi miki," ya ce. "Na kwafe komai don kar ki yi asara. Haka muke yi wa kowa."

"Haka kuke sauraron kayan kowa?"

"Ke kowa ce?"

"Me kuma ka buɗe?"

Ya gyara madubin da babu abin da ya same shi. Sai ya juyo, ya sassauta murya kamar zai kira ni da sunan soyayya, ya ce, "Mai Farar Riga."

Jama'a, kun taɓa jin sanyi ya tsarga muku daga ƙeya har tafin ƙafa cikin rana tsaka? A take wata biyun nan suka dawo mini ɗaya bayan ɗaya. Ranar da ya sa wata tsohuwar waƙa a mota na ce kai, kai ma kana jin wannan? Ya ce tun yana yaro. Ni kuwa na yi rubutu a kanta kwana uku kafin nan. Ranar da ya kawo mini safar hannu ta roba kwali guda, na yi ta mamakin yadda ya san namu sun ƙare. Ranar da ya ce, "Ke irin mutanen nan ce da ba sa son a tambaye su me ke damunsu, sun fi son a zauna kusa da su kawai." Na koma gida ranar na ce wa Yaya ban taɓa ganin wanda ya fahimce ni haka ba. Ashe jimlata ce. Ni na rubuta ta da hannuna, ya haddace ya maido mini, ni kuma na narke kamar wata sakara.

"Tsaya a nan."

"Haba, a tsakiyar titi?"

"Ka tsaya ko in buɗe tana tafiya."

Na sauka gaban wani shagon taya, mayafina ya maƙale a ƙofar na fizge shi har ya yage. Motar haya biyu na hau kafin in isa gida, ban san nawa na ba kwandasta ba.

Na tarar da Umma a falo tana ninke wanki a kan doguwar kujera, Yaya kuma ta dawo daga aiki ko kayan asibiti ba ta cire ba, ta ɗora ƙafafu a kan tebur tana shan shayi. Yadda suka ɗago tare suka dube ni, na san ya riga ni isowa ta waya.

"Yaron nan ya kira hankalinsa a tashe," in ji Umma. "Ya ce kin dire daga mota kamar wadda aka sato. Me ya yi zafi haka, Auta?"

Na faɗa musu. Ban rage komai ba. Ina magana ina jiran Umma ta ajiye zanen da ke hannunta ta ce kai, bai kyauta ba.

Ta gama ninke zanen tsaf, ta ɗora a kan 'yan'uwansa.

"To yanzu mene ne laifin? Mutumin da za ki aura. Gobe ɗaki ɗaya za ku kwana, me za ki ɓoye masa?"

"Umma, bai tambaye ni ba."

"Da ya tambaya za ki ba shi?"

"A'a."

"To kin gani."

Na juya wajen Yaya, ita da ta yi karatu, ita da ta san idan ta buɗe fayil ɗin majiyyacin da ba nata ba za a iya korarta daga aiki.

"Yaya, ke ma ba ki ga komai ba?"

Ta ajiye kofin a hankali. "Ni abin da na gani shi ne wata 'yar'uwa da ke ƙirga shekarunki kamar ita ke biya musu haraji."

Na ji kamar an watsa mini ruwan zafi. Wannan ma jimlata ce, daga wani rubutu da na yi bara ranar da muka yi faɗa a kan aure.

"Ya turo miki."

"Tun watan jiya. Na karanta tas. Kin iya rubutu kam, ba laifi. Mutum ɗari uku sun danna alamar dariya a kaina."

"Babu wanda ya san ke ce."

"Ni na san ni ce."

Ba zan ce ba ta da gaskiyar jin haushi ba. Tana da ita. Amma wata guda cur tana zaune da ni, muna cin abinci a faranti ɗaya, tana ara mini jaka, ta san an tuɓe ni tsirara a bayan idona ba ta ce uffan ba. Ni kaɗai ce a gidan nan ban san an gama karanta ni ba.

"Har ke, Umma?"

"Yayarki ta karanta mini wasu." Ta ɗauki wata riga ta kakkaɓe. "Abin da ya fi ba ni ciwo, ki zauna ki faɗa wa mutanen da ba su san ki ba abin da ba ki taɓa faɗa wa uwar da ta haife ki ba. Ni ina nan ina tambayarki me ke damunki, kullum ki ce babu komai."

Sai ta yi ƙasa da murya, ba ta kalle ni ba. "Waƙar ma ya turo. Takalman nan ni na hana a ɗauke su, ba ke ba."

Idonta ya kawo ruwa. Shekara biyu Umma ba ta yi kukan Abba a gabanmu ba, sai ga shi wani ya tura mata kukana a waya kamar sanarwar biki, ya fama mata inda take lallaɓawa. Na so in rungume ta. Na kuma so in ɗauki kofin Yaya in maka shi da bango. Ban yi ko ɗaya ba, na shige ɗaki na murza makulli.

Wayata na ta haske a kan gado, saƙonnin Injiniya na shigowa.

*Ranki ya daɗe, ki yi haƙuri in na yi kuskure.*

In. Ku lura da wannan "in" ɗin.

*Wallahi son ki ne ya sa. Ina so in san ki ciki da waje.*

*Muryarki baiwa ce, bai kamata ki ɓoye ta ba.*

Ban amsa ba. Na buɗe kwamfutar da niyyar canza lambar sirrin shafin. Aka ce an tura lambar tabbatarwa zuwa wayar da ta ƙare da 62. Tawa da 09 ta ƙare. Na zauna ina kallon lambobin nan biyu har allon ya yi duhu.

Na rubuta masa: *Ka sa lambarka a shafina?*

*Don tsaro ne. Yadda kika bar shi ko yaro zai iya kutsawa.*

*Cire ta yanzu.*

*Zan cire in mun zauna mun yi magana. Ba na son ki goge shi cikin fushi, akwai abubuwa masu amfani a ciki.*

*Masu amfani ga wa?*

*Gare mu. Ki kwantar da hankalinki, na kusa warware miki matsalar Dakta. Za ki gode mini.*

A nan ya kamata gabana ya faɗi, amma fushi ya toshe mini kai. Na ɗauka irin cika bakin maza ne. Na toshe lambarsa na kifa wayar.

Ga waɗanda ba su san Dakta ba, shi ne malamin da ke duba kundin bincikena. A shafin nakan kira shi Dakta Dawo-Gobe. Wata takwas ke nan babina na huɗu yana kan teburinsa, ƙarƙashin wani kwalin biskit, ko shafin farko bai ɗaga ba. Ni nake duba masa takardun jarrabawar 'yan aji ɗaya, ɗari biyu da wani abu duk zango. Sakamakon gwajina na farko ya fito a wata mujalla da sunansa shi kaɗai. Duk na rubuta waɗannan, rubutu goma sha ɗaya, da ranaku da komai, saboda in ban rubuta ba zuciyata za ta fashe. Amma ban taɓa kai ƙara ba. Na ga abin da ya sami wadda ta kai kafin ni. Shekararta biyar, ta tafi babu takarda.

Abin da ya haɗa Dakta da Injiniya kuwa shi ne wasiyyar Abba: ba za a yi mini aure ba sai na kammala. Umma ta riƙe wannan gam. Don haka duk "dawo gobe" ɗaya da Dakta ya ce mini, Injiniya ma gobensa ta ƙara nisa. Yakan tambaye ni, "Wai mutumin nan yaushe zai sake ki?" In ce sai haƙuri. Ya ce shi ba ya cikin masu zama su zuba ido.

Laraba ban je ko'ina ba. Umma ta ƙwanƙwasa sau biyu ta ce ya zo yana waje. Na ce ta ce masa ba na nan. Ta ce ba za ta yi ƙarya da girmanta ba. Na ce to ta faɗa masa gaskiya, ina nan, ba na son ganinsa. Ina jin su ta taga tana ba shi haƙuri. Shi ake ba haƙuri.

Alhamis da safe ina ɗakin gwaji, na sa safar hannu ke nan, sakatariyar sashenmu ta leƙo. Mace ce mai yawan wasa, kullum sai ta tsokane ni a kan tsohon takalmina. Ranar ko murmushi babu.

"Ana nemanki a ɗakin taro na sama. Yanzu."

"Ni? Lafiya?"

Ta duba bayanta, ta matso. "'Yar nan, me ya kai ki? Da kin zo mun yi shawara tukuna."

"Shawarar me, Anti?"

"Je ki dai. Cire farar rigar nan, ki gyara mayafinki."

Matakala ashirin da biyu ce zuwa sama, na ƙirga su ɗaya bayan ɗaya. Ɗakin mai dogon tebur ne da fanka ɗaya mai ƙara. Mutum uku na zaune a gefe guda, a tsakiyarsu shugabar kwamitin ladabtarwa, wata farfesa mai farin gilashi da ban taɓa yi wa magana ba. A ɗaya gefen Dakta ne, ya harɗe hannu a ƙirji. A gabansa ga tarin takardu an maƙale da ƙarfe, an bi wasu layuka da jan biro. Daga inda nake tsaye na hango kan shafin farko. Rubutuna ne, an buga shi a takarda.

"Zauna," in ji Farfesa. Ta turo mini wata takarda guda. "Wannan ƙorafin ya iso ofishina ranar Litinin. Karanta."

Litinin. Kwana guda kafin ya sa mini waƙa a mota yana murmushi.

Wasiƙa ce mai shafi biyu, an tsara ta tsaf. An jero wata takwas ɗin, da takardun jarrabawar, da mujallar. An ce hujjoji suna cikin shafin Mai Farar Riga, wanda mai ƙorafin ke tabbatar da cewa nata ne. A ƙasa ga cikakken sunana, da lambar rajistata, da sa hannuna. Nawa ne sak, har da ɗan lanƙwasar da nake yi a ƙarshe. Na gane inda aka samo shi. Akwai hotonsa a kwamfutata, daga fom ɗin neman tallafin karatu da na cike bara.

"Ban san ina koyar da marubuciya ba," in ji Dakta, yana kallon silin. "Dawo-Gobe. Har 'ya'yana sun gani."

"Dakta, za a zo kanka," Farfesa ta katse shi. Ta cire gilashinta ta dube ni. "Sakatariyata ta ce ba ke kika kawo takardar da kanki ba, wani ne ya ajiye. Shi ya sa kafin mu buɗe bincike nake son ji daga bakinki. In taki ce, ki sake sa hannu a nan gabanmu, mu ci gaba, kuma ki sani sai kin tsaya a kan kowace kalma. In ba taki ba ce, ki rubuta haka. Sai mu rufe maganar Dakta, mu miƙa takardar ga jami'an tsaro, domin satar sa hannu laifi ne da ke kai mutum kotu."

Ta ajiye biro a kan takardar.

Babu ƙarya ko ɗaya a cikin wasiƙar nan. Shekara uku ina fatan wani ya karanta waɗannan abubuwan a ɗaki irin wannan. In na ce tawa ce, na ɗauki yaƙin da ban shirya ba, da mutumin da digirina ke hannunsa, kuma na wanke wanda ya yi mini sata. In na ce ba tawa ba ce, Dakta ya fita fes, ya san ko ni wace ce, babina na ƙarƙashin kwalin biskit ɗinsa, sannan in koma gida in gaya wa Umma ni na tura Injiniyanta hannun hukuma.

Na ɗaga kai don in sami iska. Ƙofar ɗakin tana da ɗan gilashi a sama, ta nan ake hango baranda. Injiniya na tsaye a wajen, cikin shuɗin yadi sabo fil, da makullin mota a hannu. Da muka haɗa ido ya faɗaɗa murmushi, ya ɗaga mini babban yatsa.

"Muna jiranki," in ji Farfesa.

Na ɗauki biron.